Kuɗin Goro da Rigar Aro: Sharhi Kan Fim Ɗin Valkyrie

A hutun zangon da ya wuce ɗalibanmu na nan Sabo sun kafa majigi a farfajiyar makaranta bayan sallar isha'i, suka nuna wa yara da manya fim ɗin Valkyrie. Wani ɗalibin jami'a ya riƙe lasifika yana fassarawa. Da bam ya tashi a ɗakin taron Hitila, sai farfajiya ta kaure da tafi da fito, kai ka ce an ci ƙwallo. Da aka zo wurin da aka jera jaruman ana harbe su, wuri ya yi tsit, har muka ga wasu suna share ido.

Bayan an tashi muka taru wurin mai shayi. Wani matashi ya ce, "Ashe Jamusawa ma ba sa son Hitila, dole kawai aka yi musu." Wani dattijo ɗan canji ya ajiye kofinsa ya ce, "Rabu da su, yaro. Duk kanwar ja ce. Da wanda ya dasa bam ɗin da wanda aka dasa wa, babu na zaɓe." Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce.

Mu dai a ganinmu dukansu biyu sun kauce hanya. Matashin ya ɗauki rigar mutane ƙalilan ya yafa wa ƙasa guda, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Dattijon kuma ya yi wa mutum miliyan saba'in kuɗin goro. Kuma fim ɗin yana da hannu a kuskuren farko. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi masa sharhi, domin yaranmu yanzu daga waya da majigi suke ɗaukar tarihi, ba daga allon aji ba.

Abin da fim ɗin ya yi daidai

Bryan Singer ne ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 2008, Tom Cruise ya fito a matsayin Kanar Claus von Stauffenberg. Mu fara da yi masa adalci: a abin da ya shafi ranar 20 ga Yuli 1944, bai yi ƙarya mai yawa ba. Stauffenberg ya rasa idon hagu da hannun dama da yatsu biyu na hannun hagu a Tunisiya a watan Afrilu 1943. Da yatsu uku ya ɗana bam ɗin, kuma cikin biyun da ya zo da su ɗaya kawai ya samu sukunin ɗanawa. Ya ajiye jakar a ƙarƙashin teburin taro a maɓoyar Hitila da ke kusa da Rastenburg, wadda yanzu take cikin ƙasar Folan, ya fice da sunan zai amsa waya. Wani hafsa ya matsar da jakar bayan ƙafar teburin mai kauri. Bam ya tashi da misalin ƙarfe 12:42 na rana, mutum huɗu suka mutu, Hitila ya tsira da ƙananan raunuka da fashewar dodon kunne.

Dabarar masu juyin mulkin ita ce su yi amfani da wani shiri da Hitila da kansa ya sa wa hannu, mai suna Valkyrie, wanda ya ba rundunar cikin gida ikon karɓe gari idan tarzoma ta ɓarke. Shirin ya wargaje cikin sa'o'i. A daren nan aka harbe Stauffenberg da Janar Olbricht da Mertz von Quirnheim da Werner von Haeften a farfajiyar hedkwatar soja a Berlin, kuma a ainihin wannan farfajiyar aka ɗauki fim ɗin.

Wurin da ya fi burge mu ba wurin bam ba ne. Ɗakin aika saƙon tangarahu ne, inda umarni biyu masu karo da juna ke shigowa, na masu juyin mulki da na mutanen Hitila, ma'aikata kuma suna ta aika duka biyun har sai da suka gane ɓangaren da zai yi rinjaye. Sai kuma Janar Fromm, wanda ya san da shirin, ya ƙi shiga ya ƙi tonawa, yana jiran ya ga inda iska za ta kaɗa, daga ƙarshe ya yi gaggawar harbe su don ya rufe bakinsu. Bai tsira ba shi ma, an kashe shi a watan Maris 1945. A waɗannan wurare fim ɗin ya taɓo gaskiyar yadda mulkin zalunci ke tsayawa da ƙafarsa. Amma taɓawa kawai ya yi ya wuce.

Abin da ya ɓoye

Fim ɗin ya buɗe da Stauffenberg a cikin tanti yana rubuta takaicinsa kan kisan Yahudawa da azabtar da fursunoni. Wato tun kafin mu san shi an riga an wanke mana shi tas. Ba mu ga Stauffenberg na 1939 ba, wanda ya shiga mamayar Folan da murna, ya kuma rubuta wa matarsa wasiƙa yana wulakanta mutanen ƙasar da Yahudawan cikinta. Bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba, gaskiya ne, amma ya yi wa yaƙin Hitila hidima shekara da shekaru kafin ya juya. Yadda mutum ke tashi daga can ya dawo nan, har ya ba da ransa, ai shi ne labarin da ya fi amfani ga mai kallo. Shi kuma aka yanke.

Akwai wanda ya fi wannan. A fim an nuna shugaban 'yan sandan Berlin, Helldorff, yana ba masu juyin mulki tabbacin goyon baya, mai kallo ya ji daɗi. Ba a faɗa mana cewa shi ne ya jagoranci 'yan bangar Nazi wajen dukan Yahudawa a titin Berlin tun 1931 ba, ko cewa ya riƙa tatsar dukiyarsu lokacin da suke neman hanyar gudu. Akwai Arthur Nebe, wanda shi ma yana cikin shirin, kuma an rataye shi saboda haka. Wannan mutumin ya shugabanci ɗaya daga cikin rundunonin kisa a ƙasar Sobiyet a 1941, rundunarsa ta kai rahoton kashe mutum kimanin 45,000. Irin waɗannan ba su da wurin zama a labarin da aka tsara don a tafa.

Sai batun lokaci. Ranar da bam ɗin ya tashi, sojojin Amurka da Ingila sun yi mako shida da sauka a Faransa, Rashawa kuma sun ragargaza rundunar Jamus ta tsakiya. Mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da aka kashe sun riga sun mutu. Tsakanin Mayu da Yuli na wannan shekarar kaɗai an kwashi fiye da 430,000 daga Hangare, akasarinsu zuwa Auschwitz. Wasu daga cikin masu shirin, irin su Goerdeler da aka tanada ya zama shugaban gwamnati, suna fatan a yi sulhu Jamus ta riƙe wasu yankunan da Hitila ya haɗiye. Dole mai tunani ya tambaya: kisan ne ya dame su, ko faɗuwar yaƙin?

Amsar gaskiya ita ce akwai masu wannan akwai masu wancan, akwai kuma waɗanda duka biyun suka haɗu a zuciyarsu. Tun 1938 wasu hafsoshi suke ƙulla yadda za su kawar da Hitila. A watan Maris 1943 Tresckow ya saka bam a jirginsa a cikin ƙunshi mai kama da kwalaben giya, bai tashi ba. Kuma da shirin Yuli ya yi nasara, da miliyoyin da suka mutu a wata tara da suka rage sun samu damar rayuwa. Anne Frank, yarinyar nan da littafin tarihin rayuwarta ya zagaye duniya, sai ranar 4 ga Agusta aka kama ta, mako biyu bayan bam ɗin. Saboda haka ba mu ce a ƙwace musu jarumtarsu ba. Muna cewa a nuna su da dattinsu, don ta haka ne yaro zai gane cewa wanda ya daɗe cikin ɓarna ma yana da ƙofar fita.

Waɗanda ba su da anini a kafaɗa

Wanda ya kalli Valkyrie kaɗai zai ɗauka turjiya aikin manyan hafsoshi ne 'ya'yan sarauta. Tun a 1933 'yan kwaminis da 'yan gurguzu da shugabannin ƙwadago ne suka fara cika sansanin gwale-gwale na Dachau. Ranar 23 ga Maris 1933, da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai, 444 suka amince, 94 suka ƙi, kuma duk 94 ɗin 'yan jam'iyya ɗaya ne, ta gurguzu. 'Yan kwaminis an riga an kama su ko sun ɓuya.

Ga Georg Elser, kafinta ne, ba shi da ƙungiya ba shi da ubangida. Ya kwashe dare fiye da 30 yana ɓuya a wani babban zauren shan giya a Munich bayan an kulle, yana rarake ginshiƙi a kan gwiwoyinsa. Ranar 8 ga Nuwamba 1939 bam ɗinsa ya tashi a kan lokaci, sai dai Hitila ya gajarta jawabi ya fita minti 13 kafin nan. Mutum 8 suka mutu, ciki har da wata mata mai kai wa baƙi abin sha, wadda ba ta ci ba ta sha ba. Wannan ma dole a faɗa. An tsare Elser har 9 ga Afrilu 1945 sannan aka kashe shi a Dachau. An yi shekaru bayan yaƙi ana yaɗa cewa 'yan Nazi ne suka sa shi don farfaganda, saboda mutane sun kasa yarda cewa talaka ɗaya ya hango abin da janar-janar ba su hango ba.

Ga ɗaliban jami'ar Munich masu kiran kansu Farin Wardi. Takardun faɗakarwa shida suka buga tsakanin Yuni 1942 da Fabrairu 1943, a ta biyun suka rubuta ƙarara cewa an kashe Yahudawa 300,000 a Folan. Wannan kaɗai ya isa ya raunana zancen masu cewa babu wanda ya sani. Ranar 18 ga Fabrairu aka kama Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie, ranar 22 aka yanke musu hukunci tare da abokinsu Christoph Probst, mai 'ya'ya uku, a ranar kuma aka fille musu kai. Sophie tana da shekara 21. Ita da yayanta sun taɓa zama shugabanni a ƙungiyoyin matasan Hitila kafin idonsu ya buɗe. Akwai fim ɗin Jamusanci na 2005 a kan kwanakinta na ƙarshe, wanda aka gina a kan ainihin takardun tambayoyin da 'yan sandan ciki na Gestapo suka yi mata. Muna ba ɗalibanmu shawara su nemo shi a hutu mai zuwa, ya fi Valkyrie nauyi nesa ba kusa ba.

To amma wa ya kama su? Ba wani gogaggen ɗan leƙen asiri ba ne. Ma'aikacin kula da ginin jami'a ne, Jakob Schmid, ya ga takardu suna faɗowa daga bene, ya ruga ya cafke su, aka ba shi tukuici. Haka Otto da Elise Hampel, miji da mata 'yan ƙwadago a Berlin, suka yi shekara biyu suna ajiye katunan da suka rubuta da hannu a matattakalar gidaje, fiye da 200. Kusan duka waɗanda suka tsinta sun kai wa 'yan sanda da kansu. Masanin tarihi Robert Gellately ya bi fayil-fayil na Gestapo da suka tsira a Würzburg, ya tarar ma'aikatan ba su da yawa ko kaɗan, aikinsu ya dogara ne da tsegumin maƙwabta. Jam'iyyar Nazi ta kai mambobi fiye da miliyan 8. Masu turjiya kuwa tsiraru ne cikin tsiraru. Wannan shi ne amsarmu ga matashin wurin mai shayi.

Kuɗin goro

Yanzu ga dattijonmu, tare da girmamawa. Baba, wanda ya fi kowa iya kuɗin goro ai Hitila ne. Duk aƙidarsa a kan haka ta tsaya: Bayahude laifinsa a jininsa yake, jariri ne ko tsoho. Bayan 20 ga Yuli ma haka ya yi wa nasa. An kashe kimanin mutum 200 kan shirin, sannan aka farfaɗo da wata tsohuwar al'ada ta kama dangin mai laifi. Aka tsare matar Stauffenberg da juna biyu, a tsare ta haihu a watan Janairu 1945. Aka kwashe 'ya'yansa huɗu zuwa gidan marayu a Bad Sachsa, aka sauya musu suna. Duk wanda ya ce Bajamushe mai laifi ne don kawai shi Bajamushe ne, ya ari ma'aunin mutumin da yake zagi.

Masanin falsafa Karl Jaspers, wanda 'yan Nazi suka kora daga koyarwa saboda matarsa Bayahudiya ce, ya fitar da ɗan littafi a 1946 a kan wannan tambaya. Ya raba laifi gida huɗu. Akwai laifin aikata ta'asa, wannan na wanda ya aikata ne, kotu ce ke hukunta shi. Akwai alhakin siyasa, wannan yana kan duk ɗan ƙasa, domin da sunansa gwamnati ta yi abin da ta yi, don haka biyan diyya da ɗaukar sakamakon yaƙi ya hau kan kowa. Akwai laifin zuciya, na wanda ya kau da kai ko ya yi shiru ko ya ci riba, wannan mutum ne zai tuhumi kansa. Na huɗu shi ne nauyin da ke kan wanda ya rayu alhali an kashe wani a gabansa bai yi komai ba, wanda Jaspers ya ce hukuncinsa na Allah ne. Ya ƙi yarda a ce al'umma guda mai laifin kisa ce. Ya kuma ƙi yarda wani ya fake da hakan ya ce ba ruwansa.

Mun ga wannan rabe-raben ya fi mana amfani a kan zagi ko wankewa. Kuma akwai labarin da ke nuna dalili. Ranar 13 ga Yuli 1942 aka kai wata bataliyar 'yan sanda, kimanin mutum 500, galibinsu magidanta daga Hamburg, wani ƙauye mai suna Józefów a Folan. Kwamandansu, Manjo Trapp, ya gaya musu aikin, wato harbe Yahudawan ƙauyen, sannan ya ce wanda ba zai iya ba ya fito gefe. Kimanin goma sha biyu suka fito. Ba a kashe su ba, ba a ɗaure su ba. Sauran suka harbe mutum 1,500 a wannan yinin. Christopher Browning, wanda ya rubuta littafi a kansu a 1992, ya nuna cewa da yawansu tsoron kada abokai su ce musu rago ne ya riƙe su a layi. Daniel Goldhagen ya fito a 1996 ya ce a'a, ƙiyayyar Yahudawa ce da ta ratsa al'adar Jamusawa. Masana da yawa sun soki Goldhagen da cewa ya yi kuɗin goro. Ko wanne ka bi, mutum goma sha biyun nan sun rushe hujja biyu a lokaci guda: ta mai cewa dole aka yi mana, da ta mai cewa dukansu ɗaya ne.

Yadda Jamusawa suka koyar da kansu

Kada a ɗauka Jamusawa sun farka washegarin yaƙi suna nadama. Shekaru da dama da yawansu suna kallon mutanen 20 ga Yuli a matsayin maciya amana. Remer, hafsan da muka gani a fim yana murƙushe juyin mulkin, ya riƙa faɗin haka a bainar jama'a, har sai da mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya kai shi kotu a 1952, aka yanke masa wata uku. Bauer ɗin ne kuma ya tsaya aka yi shari'ar ma'aikatan Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, matasa suka fara tambayar iyayensu: kai ina kake a lokacin? A 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt, wanda shi kansa ya gudu daga mulkin Nazi ya yaƙe shi daga waje, ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan Warsaw. Mutumin da ba shi da laifin ne ya ɗauki alhakin. A 1985 shugaban ƙasa Weizsäcker ya gaya wa majalisa cewa matasa ba su da laifin abin da ya faru, amma abin da za a yi da wannan tarihi yana wuyansu. Sojojin da suka gudu daga yaƙin Hitila kuwa sai 2002 aka soke hukuncin da ke kansu gaba ɗaya.

Yau idan kana tafiya a garuruwansu za ka riƙa cin karo da ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla a ƙofar gidaje, kowanne da suna da shekarar haihuwa da inda aka kai mai gidan. Gunter Demnig ya fara dasa su a shekarun 1990, yanzu sun haura 100,000 a faɗin Turai. Malamansu kuma tun 1976 suka yi ittifaƙi a garin Beutelsbach cewa ba a cusa wa ɗalibi ra'ayi da ƙarfi, kuma abin da masana ke jayayya a kai a kawo shi aji da jayayyarsa.

Duk da haka suna tuntuɓe. Kisan ƙare dangin da sojojinsu suka yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, sai 2015 gwamnatinsu ta kira shi da sunansa. Sannan yawan sa wa makarantu da tituna sunan Scholl da Stauffenberg ya haifar da wata cuta: kowa ya ɗauka da yana nan da yana cikinsu. A 2020 wata budurwa ta hau dandamali a zanga-zangar adawa da dokokin korona ta ce ji take kamar ita ce Sophie Scholl. Ka ji rigar aro. Irin wannan ɗinkin ne Valkyrie ya yi, ya zaunar da mai kallo a kujerar jarumi daga farko har ƙarshe, babu inda ya sa shi ya tambayi kansa ko da yana ɗakin tangarahu wane saƙo zai aika.

Mu kuma fa?

Ba mu kwatanta wani abu da ya faru a ƙasar nan da abin da Jamus ta yi. Can gwamnati ce ta kafa masana'antar kisa da jiragen ƙasa da rajista. Amma tambayar wa ke ɗaukar laifin wa, mu mazauna Kurmi mun san ta a jikinmu. Idan wani abu ya faru a Arewa, ko wani da ba mu taɓa gani ba ya yi aika-aika a daji, mai facin takalmi da mai goro da ɗan acaba na Sabo su ne ke kwana da ido ɗaya. A watan Fabrairu 2021 a kasuwar Shasha, saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama ƙone shaguna da gidaje da asarar rayuka daga ɓangarorin biyu. Mun san ɗacin a ce wake ɗaya ya ɓata gari.

Sai dai laifi tudu ne. Da yawanmu an ba mu labarin 15 ga Janairu 1966, yadda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da Akintola a nan Ibadan, kuma daidai ne a ba mu. Nawa ne cikinmu aka zaunar aka gaya musu cewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekarar an kashe dubban Inyamurai a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba a abin da wasu hafsoshi suka ƙulla? Wannan ai kuɗin goro ne. Yaranmu ba su da laifinsa, haka yaran Inyamurai ba su da laifin Janairu. Amma yaron da ya san rabi ɗaya kawai, duk ranar da aka kira shi ramuwa zai ɗauka adalci zai yi.

Mu ma muna da rigar da muke son ara. A watan Yuni 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Duk sanda aka zarge mu sai mu ɗaga sunansa mu ce ga irinmu. Ya cancanci yabo, wallahi. Amma abin da ya yi nasa ne, bai zama shaida ga wanda ya kulle ƙofarsa ba.

An cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga ƙananan makarantun ƙasar nan a wajajen 2009, sai a 'yan shekarun nan aka ba da umarnin dawo da shi. Tunda yana dawowa, ga abin da muke roƙon malamanmu na boko da na Islamiyya da masu kafa majigi. A riƙa kiran suna: wane ne ya ba da umarni, wane ne ya aikata, wane ne ya nuna gida, wane ne ya ɓoye maƙwabcinsa. Da zarar malami ya ce "Jamusawa sun yi" ko "Hausawa sun yi" ko "Yarbawa sun yi", ya ɓoye mai laifin a cikin taro. A kawo jarumai tare da adadinsu, don yaro ya san yadda suka yi ƙaranci. A fara da waɗanda aka kashe kafin waɗanda suka yi yunƙurin ceto, domin a Valkyrie an shafe awa biyu ba mu ga fuskar Bayahude ko ɗaya da aka kai sansani ba. Kuma kada a tsaya tambayar yaro ko zai iya zama Stauffenberg, kowane yaro zai ce e. A tambaye shi: kai ne mai kula da ginin jami'a, kana da iyali, albashinka na hannun gwamnati, ka ga takardu suna faɗowa daga bene, babu wanda ya san ka gani. Me za ka yi? Schmid bai buƙatar bam ko bindiga. Da ya ci gaba da aikinsa kamar bai gani ba, da wataƙila Sophie ta kwana a gida ranar.

Valkyrie fim ne mai riƙe mai kallo, ba mu hana kowa kallonsa ba. Ga ɗalibanmu, Allah ya yi muku albarka da wannan ƙoƙari. Idan za ku sake nuna shi, ku ware rabin awa bayan an gama, ku gaya wa yara labarin Elser da na Józefów, ku gayyato matashin nan da Baba ɗan canji su zauna a gaba, a yi muhawarar a gaban kowa.